Tambaya da Amsa: Kawo Dattijo Mai Cutar Fakinson Umara Daga Kano

Tambaya: Likita, ina zaune a Makka, mahaifina kuma yana Kano, shekarunsa 78, ya yi shekara 6 yana fama da cutar Fakinson, wato ciwon rawar jiki da sandarewar gaɓoɓi. Muna son kawo shi Umara, amma jirgin zai yada zango a Adis Ababa. Wani mai shirya tafiya ya ce kada a ɗauko masa magani ko ƙwaya ɗaya, wai ana kama mutane a filin jirgin Jidda, a bari sai ya iso a saya masa. Hankalina ya kasa kwanciya. Anya zai iya?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Idan likitansa ya duba shi ya amince, zai iya, domin hawa jirgi ba ya ƙara wannan cuta. Abin da ke kwantar da irin su Baba shi ne yankewar magani, kuma shawarar da aka ba ku hanya ce ta kai shi ga hakan.

Na gaji da jin wannan magana daga bakin mutanen da ba su san abin da ƙwayar take yi a jiki ba. Maganin levodopa, wanda kuka sani da sunan Sinemet ko Madopar, ba kayan maye ba ne, kuma aikinsa a jiki sa'o'i kaɗan ne, shi ya sa ake shan sa sau uku ko huɗu a yini. Wanda ya shekara 6 a kansa, idan aka yanke masa farat ɗaya, jikinsa yana iya sandarewa, haɗiya ta gagara, zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, hankalinsa ya gushe, ƙoda ta taɓu, har a rasa rai. Na taɓa karɓar wani dattijo da haraminsa a jiki, ya ƙame kamar itace, yawu na zuba a gemunsa, 'ya'yansa suna ta shafa masa zamzam suna cewa zafin rana ne, alhali kwanansa uku rabonsa da magani saboda irin wannan jita-jita. Su masu cewa a saya a nan, sun manta cewa sai an nemi likita ya rubuta, kuma ba lallai a samu irin nasa da ƙarfin da ya saba ba a daren da ya sauka.

Gaskiya ne hukumomin Saudiyya suna tsananta bincike kan ƙwayoyi irin su taramol. Abin da ake bukata shi ne kowane magani ya zo a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai hatimi, da Turanci ko Larabci, wadda ta bayyana cutar da sunan maganin da adadinsa, amma idan akwai na barci a ciki, yana iya bukatar izinin hukumomin Saudiyya tun kafin tafiya. A saka shi a jakar hannu, har da ƙarin na mako guda, kada a kuskura a auna shi cikin manyan kaya.

Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa 2, don haka ranar tafiya a bar agogon mai rakiyarsa a lokacin Kano, a ba shi magani a kan ƙa'ida ko da ana tsaye a layi, sannan a gyara lokacin a hankali bayan ya huta. A ba shi rabin awa kafin abincin jirgi, domin nama da madara suna rage shigarsa jiki.

Kada wani ya ba shi maganin amai irin su metoclopramide ko Stemetil ko Phenergan, domin suna tsananta sandarewar jiki.

A nemi keken guragu tun awa 48 kafin tashi, har da na Adis Ababa, da kujerar bakin hanya kusa da banɗaki. Kada a hana shi ruwa don gudun fitsari, kamar yadda iyalai da yawa suke yi, saboda jininsa kan sauka idan ya miƙe, rashin ruwa kuma yana jawo jiri da faɗuwa. Ya riƙa motsa ƙafafu a zaune. Idan ya iso, ya kwana ɗaya ko biyu a masauki kafin ɗawafi, kuma a yi masa shi a keke bayan cunkoson jama'a ya ragu, a lokacin da maganin yake aiki a jikinsa.