Farin jini da fararen ƙwayoyin jini, ba dangin iya ba na baba

Wani ɗalibin koyon aikin jinya ya turo min tambaya, wai Malam, da Bahaushe yake cewa wane yana da farin jini, ko fararen ƙwayoyin jinin nan da ake koya mana a aji yake nufi?

A'a ɗana, hanyar jirgi daban ta mota daban. Farin jini tun kaka da kakanni yake a bakinmu, tun kafin wani ya leƙa ɗigon jini a madubin likita. Fari a nan irin na farin ciki ne da farar aniya, wato abin so, kishiyarsa baƙin jini. Jini kuma ɗabi'ar mutum ake nufi, shi ya sa za ka ji an ce jininsu ya haɗu, ko ya sha jinin jikinsa.

Su kuwa fararen ƙwayoyi fassara ce ta zamani, kuma ni dai na fi son sunan da ma'aikatan asibiti ke faɗa wa majinyata, sojojin jiki, don aikinsu kenan, yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ba su ma da yawa, wajen 4,000 zuwa 11,000 a ɗan mitsitsin ɗigon da jajaye suka kai miliyan 5, su jajayen ne ke dakon iskar da muke shaƙa kuma su suka ba jini launinsa, kowace takan yi kwana 120 sannan a sauya ta. Akwai na uku ƙanana, masu sa jini ya daskare in ka yanke. To ka ga in aka auna ka aka ce fararenka sun yi yawa kada ka yi murna wai ƴanmata za su yi rububinka, galibi alama ce jiki na fama da wata cuta.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya, bargo ne ko ɓargo? Hajiya bargo na lulluɓa ne lokacin hunturu, ɓargo mai ƙugiya shi ne na cikin ƙashi, kuma can ne ake ƙera duka ukun nan. Wayoyinmu ne suka cinye mana ƙugiyar, har na taɓa ganin an rubuta wai an yi wa mai sikila dashen bargo.