Tambaya da Amsa: Yaushe jama'a suka fara yin doka da ƙuri'arsu?

Tambaya: Malam, na ji an ce a wasu ƙasashe talakawa kan soke dokar majalisa, har su kawo tasu. Ina abin ya samo asali, kuma yaya ake yi?

Amsa: Abu biyu ne ake yawan haɗawa. Akwai ƙuri'ar raba gardama, wadda jama'a ke taka wa majalisa birki da ita. Akwai kuma ƙudurin jama'a, inda su ne ke rubuta abin da suke so, a kaɗa masa ƙuri'a.

Suwizalan ce ta fi kowa nisa a nan. A 1874 aka ba 'yan ƙasar damar ƙalubalantar dokar tarayya, a 1891 kuma aka yarje musu su kawo gyaran tsarin mulki. A yau mai son a mayar da doka gaban jama'a sai ya tara sa hannu 50,000 cikin kwana 100. Gyaran tsarin mulki kuwa 100,000 ne cikin wata 18, kuma sai hukumomin garuruwa sun tantance cewa masu sa hannun masu zaɓe ne. Ko an je akwatin zaɓe, a gyaran tsarin mulki rinjayen mutane kaɗai bai isa ba, sai da rinjayen jihohi. Kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan ƙudurori ne ke tsallakewa.

Daga can Amurka ta koya. Dakota ta Kudu ta fara a 1898, Oregon a 1902, Kalifoniya a 1911. Amma a jihohi abin ya tsaya, bai kai tarayya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi da haƙƙin marasa rinjaye. Tun 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta ce jiha ba za ta haramta biyan masu tattara sa hannu ba, don haka mai hannu da shuni ya fi saurin kai ƙudurinsa akwati. Na biyun ya fi damun mu. Ƙudurin farko da ya yi nasara a Suwizalan, a 1893, hana yanka dabba ne ba tare da an sumar da ita ba, kuma Yahudawa ya fi shafa. A 2009 aka bi wannan hanya aka hana gina hasumiyar masallaci, da ƙuri'a kashi 57.5 cikin 100, duk da gwamnati da majalisa sun nemi a yi watsi da ƙudurin.