Labari ɗaya na fitowa sau uku a shafin farko: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shafin labarai a WordPress, da Elementor Pro, manhajar tsara fasalin shafi da ake biyan kuɗi, na gina shi. So nake siyasa ta zauna wuri ɗaya a shafin farko, wasanni a wani wurin, labaran Kannywood can ƙasa. Amma duk akwatin da na saka labarai iri ɗaya yake kwasowa, har wani labarin ya fito sau uku. Don Allah a taimaka. Wani mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwatin bai yi laifi ba. Ba ka gaya masa abin da zai ɗebo ba ne, shi kuwa in ba a ce masa komai ba, sababbin labarai kawai yake jerowa, ko na mene ne.

Amma kafin ka taɓa Elementor, fara leƙa rukunan labaranka, wato Categories. Nan ne yawanci ɓarnar take. An taɓa kawo mini wani shafi da rabin labaransa ke jibge a Uncategorized, sauran kuma an watsa su tsakanin "Wasanni", "Wasani" da "Kwallo", domin mutum uku ne ke sakawa, kowa da nasa rubutun. Mai shafin ya rantse Elementor ne ya lalace. Ba shi ba ne. Haɗe irin waɗannan su zama rukuni ɗaya. Kana iya zaɓar labarai da yawa ka gyara su lokaci guda ta Bulk actions, sai dai wannan hanya ƙara rukuni take yi, ba ta cire tsohon.

In ka gama wannan, sauran aiki mai sauƙi ne. Danna akwatin Posts ko Loop Grid ɗin da ka saka, ka buɗe sashen Query. Ka bar Source a kan Posts. A wajen Include By zaɓi Term, ka rubuta "Siyasa", sunan zai fito ka danna. Haka za ka yi wa kowane akwati da nasa rukunin. Ka lura, in ka zuba rukuni biyu a akwati ɗaya, labaran wannan da na wancan duka zai kawo, ba wanda ya shiga biyun kaɗai ba.

Batun maimaici kuwa, labarin ɗan wasan Kannywood da ya fito takara siyasa ce kuma fim ne, dole akwatuna biyu su yi jayayya a kansa. Shiga ɓangaren Exclude ka kunna Avoid Duplicates. Akwatin sama ne ke cin labarin, na ƙasa ya haƙura ya ɗauko na gaba. Kada ka tsorata in ba ka ga canji a wurin gini ba, a ainihin shafin da jama'a ke gani ne kaɗai yake nunawa. In kuma babban labari ɗaya kake so a sama da ƙanana huɗu a gefensa, sa wa akwatin ƙananan Offset 1, ya tsallake na farkon.

Wani tarkon da ban so ka faɗa: lokacin da za ka gina samfurin shafin rukuni, wato shafin da ke buɗewa in an danna sunan rukuni, a Theme Builder na Elementor, kada ka ɗaure shi da Term. Sa Source a kan Current Query. In ba haka ba, wanda ya danna "Wasanni" siyasa zai tarar.

Wanda ba shi da kuɗin Pro, WordPress kansa yana da tubalin Query Loop tun sigar 5.8 ta shekarar 2021, kuma yana tace labarai ta rukuni. A ganina ya ishi ƙaramin shafi.

Labari huɗu zuwa shida a kowane akwati ya wadatar, tunda galibin masu karatunka da waya suke shigowa kuma datarsu ake ci da kowane hoto. In ka gyara komai amma shafin ya ƙi canzawa, share cache ɗinka, wato tsohon kwafin shafin da aka adana, ka sake buɗe shi a wata wayar da ba ka shiga asusunka a kanta ba.