Na danna "na amince" a manhajar bashi, shikenan ba ni da bakin magana?

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Na ci bashi a wata manhaja ta waya, da kuɗin suka shigo sai na ga an zabtare wani kaso wai kuɗin aiki, alhali ba a nuna min shi da farko ba. Na makara kwana uku kawai suka fara tura wa mutanen da ke cikin wayata saƙo wai ni macuci ne. Da na yi magana sai suka ce ai ni na danna na amince. Dan Allah da gaske ba ni da wani haƙƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Wannan "ai kai ka amince" ɗin tsohuwar waƙa ce, kuma dalilinta ma aka ƙirƙiro dokokin kare masu hulɗa da bankuna da kamfanonin bashi. Sa hannunka ya ɗaure ka da biyan abin da ka ci, wannan gaskiya ne, amma bai halatta musu yaudara ba. Doka ta san ba ƙarfinku ɗaya ba, su ne suka rubuta takardar da lauyoyinsu, kai kuma ka zo a matse, wa ke tsayawa karanta shafi ashirin na ƙananan rubutu yana cikin buƙata?

Mu fara da kuɗin da aka zabtare. Tun 1968 Amurka ta yi dokar da ta tilasta mai ba da bashi ya faɗi ainihin tsadar bashin kafin a sa hannu, wato kuɗin ruwa haɗe da cajin da ke biye da shi, a lissafin shekara, shi ne ake kira APR. Ƙasashe da yawa yanzu haka suke yi. Amfaninsa kuwa, in aka ce maka kashi 10 cikin 100 na sati biyu sai ka ji kamar ba komai, amma ka buga shi a shekara, kashi 260 ne fa. To "kuɗin aiki" da aka ɓoye sai bayan ka danna, a irin waɗannan dokokin ɓoye tsada ne ko da wane suna aka raɗa masa. A Tarayyar Turai ma dokar 2008 ta ba mai cin bashi kwana 14 ya fasa ba sai ya kawo dalili ba, ya mayar da uwar kuɗi da ruwan kwanakin da ya riƙe. Ingila kuma tun Janairun 2015 ta ƙayyade bashin gaggawa, ruwa da caji kada su wuce kashi 0.8 a rana, kuma duk rintsi ba za ka biya fiye da ninki biyu na abin da ka karɓa ba.

Kar ka ɗauka a takarda kawai abin yake tsayawa. A 2016 an ci bankin Wells Fargo na Amurka tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusu kusan miliyan 2 ba da saninsu ba, miliyan 100 daga ciki CFPB ce ta ɗora, wato hukumar kare masu hulɗa da bankuna da kamfanonin bashi ta ƙasar, wadda aka kafa da dokar Dodd-Frank ta 2010 bayan rikicin kuɗi na 2008. A Ingila bankuna sun mayar da sama da fam biliyan 38 kan wata inshora, PPI, da suka riƙa liƙa wa masu cin bashi, kuma akasarin mutanen nan sun sa hannu fa.

Maganar tozarci ita ta fi ɓata min rai wallahi. Bashi tsakaninka da su ne, ba ruwan surukinka. Dokar Amurka ta 1977 ta hana kamfanonin da ake ɗauka su karɓo bashi su faɗa wa wani cewa ana bin ka, ko su kira kafin 8 na safe ko bayan 9 na dare. Google ma tun ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store ɗinsa shiga lambobi da hotunan wayar mutane.

Sai dai hukuma ba ta duba, sai an kai mata. Ɗauki hoton komai, sharuɗɗan, saƙon shigar kuɗin, da saƙonnin da aka tura wa mutanenka, tun kafin su goge. Rubuta wa kamfanin ƙorafi a rubuce, kar ka tsaya a kiran waya, ka nemi lambar ƙorafi. Yawanci sai ka bi ta nan hukuma ke sauraronka, a Ingila misali kamfani na da sati 8 ya amsa, daga nan ka wuce ofishin sasanci, kyauta. Sannan ka duba ko suna da lasisi a ƙasarka, in babu wannan ma laifi ne mai zaman kansa, ka sa shi a ƙorafin da za ka kai babban banki ko hukumar kare masu saye, na tozarcin kuma hukumar kare bayanan sirri.

Kuma kar haushi ya sa ka daina biya gaba ɗaya, za ka ba su makami ne su ɓata maka suna a rajistar masu bashi. Ka ci gaba da biyan abin da ba ka jayayya a kai, ka rubuta musu ƙarara cewa cajin da aka ɓoye shi ne ba ka yarda da shi ba, ka ajiye rasit ɗin kowane biya.