Tambaya da Amsa: Hutun kwana biyar a Turkiyya

Anti, ni da maigidana za mu Turkiyya hutun kwana biyar. Shi kufai da tsoffin coci-coci yake so, ni kuwa gidajen tarihi. Ta ina za mu fara?
Wata ƴar'uwa daga Tahoua

Ƴar'uwata, ku fara da Aya Sofiya a Istanbul, gini guda ne zai raba muku gardama. An gama shi a 537 a matsayin coci, ya koma masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, sannan ya sake zama masallaci a 2020. Da na shiga, na ga zanen Nana Maryam a sama, da kuma sunan Allah da haruffan zinariya, sai da wuyana ya yi ciwo don kallo. Ki tafi da mayafinki. Fadar Topkapi, wadda yanzu gidan tarihi ce, tana nan kusa, taki ce wannan.

Kufan tsohon birnin Afisa kuwa yana kusa da Izmir, ku ba shi wuni guda. Ku je da sassafe da takalmi maras tsini, dutsen marmar ɗin santsi gare shi. Rana dai ba za ta ba mutumin Adar tsoro ba.