Tambaya da Amsa: Babban Titin Accra zuwa Tema

Tambaya: Malam, zan je ɗauko kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, an ce mini ta titin Motowe zan bi. Daga ina ya taso, ina ya ƙare, kuma me ya raba shi da sauran tituna?

Amsa: Titin gajere ne, kilomita 19 kacal. Ya taso daga mahaɗar Tetteh Quarshie a Accra, daf da Accra Mall, ya miƙe gabas ɗoɗar, ya ratsa gefen Ashaiman, garin da Hausawa ke da yawa a cikinsa, ya tuƙe a mahaɗar Tema. A nan hanya ke rabuwa: ɗaya ta gangara tashar jiragen ruwa, ɗaya ta nufi Akosombo, ɗaya kuma Aflao, kan iyakar Togo.

Gwamnatin Kwame Nkrumah ce ta buɗe shi a 1965, shekara uku bayan buɗe tashar Tema, domin kayan da aka sauke daga jirgi su isa babban birni ba tare da tsayawa ba. Shi ya sa aka shimfiɗa shi da kankare maimakon kwalta, layi biyu kowane hannu, aka kuma taƙaita mashigai. Kankaren nan ya yi rawar gani, don ya haura shekara hamsin yana ɗaukar tireloli.

Sai dai, ɗan'uwa, da aka gina shi daji ne hagu da dama. Yau unguwannin Spintex da East Legon da Ashaiman sun cika gefensa maƙil. Jama'a suka yi ta fasa ƙananan hanyoyi suna shigowa ta inda ba a tanada ba, masu ƙafa na tsallakawa, wasu direbobi na juyawa ta tsakiya. Wannan ne ya fi damuna, domin titin da aka tsara don gudu bai lamunci mai faɗowa ba zato. Inda kankare ya fashe kuma an toshe da kwalta, su biyun ba sa kama juna sosai, sai mota ta riƙa tsalle a kan facin.

An daina karɓar kuɗin hanya a shingayensa a Nuwamban 2021. Mahaɗar Tema, wadda Japan ta ba da tallafin sake ginawa, ta rage cunkoso tun 2020.

Idan da hali ka bi shi da rana, ka kauce wa safiya da yamma lokacin da ma'aikata ke tururuwa, kuma ka gaya wa direbanka ya rage gudu tun kafin Ashaiman.