Mota ta buge ƙanena a Jidda, ya ake lissafin kuɗin asibiti?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Mota ce ta buge ƙanena a Jidda wata biyu kenan, ƙafa ta karye har an sa mai ƙarfe, mun kashe wajen riyal 40,000 rabi ma rance ne. Yanzu dangin direban sai zarya suke wai mu karɓi 15,000 mu yi tanazul. In mun je kotu ya ake lissafin kuɗin maganin? Daga wata 'yar'uwa a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannunku da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Tanazul ɗin nan kar ku sa hannu tukuna, yafewa ce, kuma ƙafar da ba ta gama warkewa ba wa ya san nawa za ta ƙara ci?

Shi alƙali ba ya aiki da "wallahi mun kashe", takarda yake dubawa, wato fatura (rasit). Faturar tiyata, ta gado, ta hoton ƙashi, har 'yar ƙaramar nan ta kantin magani da muke dunƙulewa mu jefa a jaka rubutun ya goge, duk ki tattara ki ɗauke su a waya yau ɗin nan, sannan rahoton likita ya nuna cewa hatsarin ne ya jawo wannan jinyar ba wani tsohon ciwo ba. Abin da kuka ba mai ɗori na gida kuwa, tunda ba rasit, da wuya ya shiga. Ki sa likitan ya rubuta abin da ke gaba ma, gashin ƙashi da aikin cire ƙarfen, nan ne mutanenmu suka fi yin asara.

Sai rahoton murur, wato 'yan sandan kula da hanya, shi ke raba laifi. In an ɗora wa direba kashi 75 cikin 100, to a 40,000 ɗinku 30,000 ce a wuyansa, galibi kuma kamfanin ta'amin ɗin motarsa ne zai biya tunda inshorar mota dole ce a Saudiyya.

Kuma fa kuɗin magani daban, arshi daban, wato diyyar raunin kansa. Tun 2011 diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce, wanda ya rasa ƙafa ɗaya rabinta yake da shi, karayar da ta warke kuwa sai an kimanta bayan rahoton likitoci. Kin ga 15,000 ko rancenku ba ta biya ba.

Kar dai ku yi sanya, dokar mu'amaloli ta 2023 shekara 3 ta bayar don shigar da ƙara, daga ranar da aka san cutar da wanda ya yi ta. Ana shigar da ƙara ta Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a ta Saudiyya, amma ki fara nuna wa lauya faturorin.